Haihuwa a Tsakiyar Kakar Shinkafa: Lamarin Akawun Sikeli a Wani Injin Casa na Yankin Kura

Daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Disamba, injinan casar shinkafa na Kura da Bunkure da Garun Malam ba su san Asabar ba, ba su san Lahadi ba. Shanshera tana fitowa daga gonakin da ke shan ruwan Tiga da kuma fadamun kewaye, farashi yana ƙasa, kowane mai inji yana rige-rigen cika sito kafin kaya su tashi. Abin da aka tara a waɗannan makonni shi za a yi ta casa har shinkafar rani ta iso. A tsakiyar wannan hada-hada ne matar akawun sikeli na wani matsakaicin inji ta haihu, rashinsa na kwana uku kuma ya jawo asarar da ta kusa raba shi da aikin. An harhaɗa lamarin ne daga irin abin da aka saba gani a waɗannan wurare, ba tare da sunan inji ko na mutum ba.

Abin da ya taru a hannun mutum guda

Injin yana da ma'aikatan wata 14, da 'yan dako kusan 20 da ake biya a kan buhu. Mai shi, Alhaji, a Kano yake zaune, yakan leƙo sau biyu a mako, manaja ne ke riƙe da wurin. Akawun ya shekara shida a bakin sikeli. A baki, aikinsa auna buhu da rubuta nauyi. A aikace kuwa shi ke soke buhu ya ɗebi samfur, ya gwada danshi a na'ura, ya murza shansherar a tafinsa ya ga yawan fanko da tsakuwa, sannan ya faɗi kilo nawa za a zaftare wa mai kaya. Shi ya san dillalin da ke jera busasshiya a saman mota ya binne ɗanya a ƙasa. Shi ke riƙe da lissafin manoman da suka karɓi taki da iri bashi da damina a kan za su biya da shanshera. Rabin lissafin a kansa yake, sauran a wani ɗan littafi da ba mai iya karanta rubutun sai shi. Makullin sito ma a aljihunsa yake kwana.

Ba wanda ya zauna ya tsara hakan. A hankali ya taru, domin duk abin da aka miƙa masa yana yin sa daidai, shi kuma bai ƙi ba, don ya san wanda ba a iya yi sai da shi ba a saurin sallamarsa. Lissafin nasa daidai ne, sai dai irin wannan ma'aikaci hutu ma ba a iya ba shi.

Abin da doka ta ba shi

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta yi maganar mai haihuwa a sashe na 54: mako 12, shida kafin haihuwa, shida bayanta, da aƙalla rabin albashi ga wadda ta kai wata shida a aiki. Ba ta ce uffan a kan miji ba. Hutun kwana 14 da ake ji a rediyo na ma'aikatan gwamnatin tarayya ne. Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da shi a Satumban 2021, takardar umarnin da ta fito a Nuwamban 2022 kuma ta ce kwanakin aiki 14 ne, sau ɗaya cikin shekara biyu, iyakarsa 'ya'ya huɗu. Legas ta riga da kwana 10 tun 2014, Enugu ta ba da mako uku a 2015. Duk cikinsu ba wanda ya hau kan mai inji mai zaman kansa. Abin da akawun yake da shi shi ne hutun shekara na aƙalla kwanakin aiki shida da sashe na 18 ya tanada, sai kuma abin da suka shirya da mai gidansa. Shirin na baki ne, duk da sashe na 7 ya ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da kamawa. Al'adar wurin ita ce ranar suna ba a nemanka, sauran kwanaki sai yadda hali ya yi.

Daren Litinin

Katin awon matar ya nuna tsakiyar Nuwamba. Haihuwa ta uku ce, don haka babu zancen goyon ciki a gidan iyayenta. Tana ɗakinta, a ƙauye mai nisan kilomita 12 daga injin, tare da surukarta wadda ta manyanta. Akawun ya san ranar tun watan Yuli, amma sai ƙarshen Satumba ya taɓa wa manaja, shi ma a kaikaice: "Yallaɓai, akwai 'yar larura a gida wajen Nuwamba." Manaja ya ce, "Allah Ya raba lafiya, Malam. In lokacin ya zo ma gani." Iyakar shirin ke nan. Kunya ta hana shi cewa ga rana ga abin da zai buƙata, kara ta hana manaja tambaya, Alhaji kuwa bai ji komai ba.

Ranar da ke kan kati ƙiyasi ce. Haihuwar da ta faɗo tsakanin mako na 37 da na 42 a kan lokaci take, wato daga mako uku kafin ranar zuwa mako biyu bayanta. Mako biyar ke nan da ya kamata a zauna cikin shiri, kuma a wannan karon duka biyar ɗin suna tsakiyar kaka.

Naƙuda ta tashi daren Litinin, saura kwana 12. Ta sauka da asubar Talata a ƙaramin asibitin mazaɓa, mabiyiya ta fita, amma jini bai tsaya ba. Aka yi mata allura aka tura su babban asibiti. Daga nan komai ya dawo kan miji: neman mota, sa hannu, kuɗin magani, da nemo mutum biyu da za su ba da jini a madadin leda biyu da aka ƙara mata. Tun ƙarfe bakwai na safe wayarsa take ƙara. Motoci huɗu suna jira a bakin inji, makullin sito yana aljihunsa a asibiti, sai da aka tura ɗan acaɓa ya karɓo.

Kwana uku a bakin sikeli

Alhaji ya ce a ɗora ɗan ƙanensa, wani matashi mai takardar difloma da ke taya lissafi a ofis. Don amana aka zaɓe shi, kuma bai ci amana ba. Aikin ne bai sani ba.

Wajen ɗibar samfur ya fara kuskure. Yakan soke buhu biyu ko uku cikin waɗanda aka fara saukewa, kusa da bakin buhu. Dillalai suka gane tun a motar farko. Kafin azahar labari ya bazu cewa sikelin Alhaji ya yi laushi, washegari duk mai ɗanyar shansherar da aka ƙi a wani inji ya juyo nan. Sai na'urar gwada danshi. Tana da saiti daban na kowane hatsi, akwai na shanshera, akwai na casasshiya, akwai na masara da na alkama, domin yadda take karanta ruwan kowanne ya bambanta. Batir ya mutu ranar Talata, aka sauya, na'urar ta koma kan hatsin farko da ke jerinta, shi kuma bai lura ba. Kuskuren biyu suka haɗu, ana rubuta danshin kashi 14 cikin 100 ga kayan da matsakaicin danshinsu ya kai kashi 19. Wanda ya saba ko ba na'ura zai gane, ya ciji ƙwaya ɗaya: busasshiya karyewa take yi ƙas, ɗanya lotsewa.

Ana girbe shanshera da danshin kashi 20 zuwa 25 cikin 100, ana ajiye ta a kashi 14 ko ƙasa da haka. Abin da ke tsakani ruwa ne, ruwa kuma yana hawa sikeli. Lissafin ba wuya: a cire danshin kayan daga 100, a raba da 86, a ninka da nauyin buhu. Buhu mai kilo 100 a danshi 19 zai dawo kilo 94.2 in ya bushe zuwa 14. Kilo 5.8 ke nan aka biya kuɗin shinkafa aka karɓi ruwa. Cikin kwana ukun an karɓi buhu 900, kusan 600 daga ciki irin wannan ne, ba a zaftare musu komai ba. Kilo 3,480 ya tafi, wajen buhu 35.

Ajiya ta ƙara dagula abin. Tunda na'ura ta ce a bushe suke, aka jibge su a sito, wasu a kan siminti tsirara jingine da bango don katakon shimfiɗa ya ƙare. Ɗanyar shanshera tana numfashi tana fitar da zafi. Wadda ta haura kashi 18, in ba a baza ta cikin yini da kwana ba, tsakiyar jibgin yakan ɗau zafi, ƙwaya ta fara rawaya, wari ya shiga. Ranar Alhamis wani tsohon ɗan dako ya cusa hannu tsakanin buhuna ya ji ɗumi, shi ya fara faɗa. Aka fitar da komai aka shanya a tamfol, aka biya dako sau biyu, amma buhu 80 sun riga sun sauya launi, dole aka case su daban aka karyar da su. Manoma bakwai masu bashin taki kuma suka karɓi kuɗinsu cif, don ba wanda ya san suna cikin littafi. Manomin da ya sayar da shinkafarsa ya kashe kuɗin, bashinsa sai wata kakar.

Da yammacin Alhamis Alhaji da kansa ya kira. "Malam, Allah Ya ba ta lafiya, amma ka ga dukiya tana lalacewa." Akawun ya ce, "Ranka ya daɗe, gobe in Allah Ya kai mu ina nan." Ya koma ranar Juma'a, ranar da aka sallami matar, ƙanensa ne ya kai ta gida. Ba wanda ya ƙara duba jaririn a haske, tunda ɗakin mai jego a rufe yake yini, sai ranar Lahadi da wata maƙwabciya ta fito da shi tsakar gida ta ga idonsa ya yi rawaya. Shawara ce. An yi sa'a ba ta yi nisa ba, aka kwantar da shi ƙarƙashin fitilar asibiti. Ranar Talata aka raɗa suna a masallaci uwa da ɗa suna asibiti, taron mata aka ɗaga.

Rigimar ƙarshen wata

Alhaji ya ce za a cire kwanakin da akawun bai zo ba, a kuma riƙa yankar wani abu daga albashinsa har a rage asara. Hujjarsa ita ce da ya koya wa wani aikin da haka ba ta faru ba. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya, amma yankan bai halatta ba. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana cin tarar ma'aikaci. Asarar da ya jawo da gangan ko da sakaci kaɗai ake iya cirewa, ita ma sai jami'in ƙwadago ya ba da izini a rubuce, kuma duk abin da za a cire a wata ba zai haura kashi ɗaya bisa uku na albashi ba. Mai aikin akawu yana cikin waɗanda dokar ta rufa wa baya. Bayan haka ba shi ya karɓi kayan ba, ba shi ya zaɓi wanda ya karɓa ba.

Maganar ba ta kai ofishin ƙwadago ba, irinta ba ta cika kaiwa ba. Wani dattijo mai inji a maƙwabta da limamin da ke jan su azahar suka zaunar da su. Dattijon ya tuna wa Alhaji cewa ba a fafe gora ranar tafiya, ya kuma ja kunnen akawun a kan riƙe littafin bashi shi kaɗai. Aka tsaya a kan ba yanka, ba cire kwana. Shi kuma zai bi manoman bakwai ya karɓo abin da zai karɓu, ya koya wa mutum biyu aikin kafin kakar rani.

Akwai lissafin da ba a yi a zaman ba. Ko da mafi ƙarancin albashi na ƙasa aka auna, N70,000 da aka kafa a 2024, mako guda na akawu bai kai N20,000 ba, ba zai sayi buhun shanshera ɗaya ba. Da an biya shi hutun mako biyu cur, aka kuma biya mataimaki wata guda yana koyo a gefensa, duka ba za su kusanci kuɗin buhu 35 ba, balle a haɗa da 80 ɗin da aka karyar.

Kwanakin da ba mai maye gurbin miji

Ranar suna gida cike yake, ga masu yanka rago, ga masu raba goro da dabino, ga wanzami. Uba yana da muhimmanci a wurin, amma ba ita ce ranar da rashinsa ke iya cin rai ba. Zubar jini mai kisa yawanci cikin awa 24 na farko take zuwa. Jijjiga tana iya kama mace bayan ta sauka. Cikin jariran da ake rasawa a watan farko, kusan uku bisa huɗu a makon farko suke tafiya. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a duba uwa da jariri cikin awa 24, a sake tsakanin awa 48 da 72, a sake tsakanin kwana 7 da 14, sannan a mako na shida. Riga-kafin farko ma, na tarin fuka da ɗigon shan inna da na ciwon hanta, a kwanakin nan ake yin su, na hantar kuma ya fi amfani cikin awa 24. A ƙauye kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana nufin babur ko mota, da kuɗi, da izinin mai gida.

Ga kuma hidimar jego da ke wuyansa: itacen wanka na kwana arba'in, ruwa, kayan ƙauri a kwana na uku ko na huɗu, rago, goro. Har wankan kansa yana son idon mai gida. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta tafasasshen ruwan wanka da kwanciya a kan gado mai wuta da kunun kanwa mai yawa da ciwon zuciyar masu jego. Matar da ta zubar da jini har aka ƙara mata, miji ne kaɗai zai iya ce wa mahaifiyarsa a sirka ruwan a rage kanwar ta ji, kuma ba ta waya ake faɗar wannan ba.

Kwana 14 a jere a watan Nuwamba ya yi wa inji mai mutum 14 nauyi, kuma dagewa a kan sai haka zai sa ma'aikata su ci gaba da yin shiru har naƙuda ta tashi. Kwana ukun farko kuwa bai kamata ma a sa su a ciniki ba.

Tsarin da aka koma kai

An rubuta shi a takarda ɗaya, manaja da kowane ma'aikacin wata suka sa hannu. Ma'aikaci zai gaya wa manaja shi kaɗai, kafin ciki ya wuce wata bakwai, ya faɗi ranar da ke kan kati. Manaja zai ja layi a kalandarsa daga mako uku kafin ranar zuwa mako biyu bayanta. Daga tashin naƙuda kwana uku cikakku da albashi, awa 48 na farko ba kiran waya. Kwanakin tsakiya rabin yini ne, da safe, lokacin da motoci suka fi sauka. Jajibirin suna da ranar suna hutu ne. In an yi tiyata ko an ƙara jini, ko an kwantar da jariri, makon gaba ɗaya hutu ne. Abin da ya rage a cike kwana 14 ana ɗaukarsa bayan kaka ta lafa, da ajiye kwana ɗaya don awon mako shida da riga-kafin da ke zuwa tare da shi.

Ɓangaren sikeli ya fi cin aiki. Mataimaki yana tsayawa tare da akawu wata guda kafin layin da aka ja, sannan ya riƙe sikelin kwana uku shi kaɗai akawu yana kallo bai ce komai ba. In gwajin danshinsu ya bambanta da fiye da rabin maki, bai gama koyo ba. Ɗibar samfur tana da ƙa'ida a bango: buhu 10 ko ƙasa, a soke duka, har zuwa 100, a soke 10, mota mai buhu 300, a soke 18, daga sama da tsakiya da ƙasan lodi, ƙarfen sokewar kuma ya kai cikin buhu. A gauraya, a gwada sau uku, a ɗauki matsakaici. Kusa da ita an manna jadawalin zaftarewa a kowane kilo 100: danshi 16, kilo 2.3; 18, kilo 4.7; 20, kilo 7; 22, kilo 9.3. Da jadawali a bango dillali ba ya samun bakin cewa sabon yaro ne ya ƙirƙiro. Duk abin da ya haura 14 ba ya shiga sito, wanda ya haura 18 kuma a ranar ake baza shi, kaurin santimita 2 zuwa 4, ana juyawa kowane rabin awa. Kowace safiya a ɗora dutsen gwaji na kilo 20 a kan sikeli, a duba saitin na'ura, batirin ajiya yana cikin durowa.

An kwafe littafin bashi gida biyu, ɗaya a ofis, kuma mai biyan kuɗi ba ya sallamar manomi sai ya duba sunansa. Makullin sito ya zama biyu. Ta ɓangaren gida, manaja yakan tambayi ma'aikaci abu uku tun kafin layin ya iso: lambar direban da zai tashi ko da tsakar dare, mutum biyu da suka yarda su ba da jini, da ko ya ba matar izinin tafiya asibiti ba sai an jira shi ba. Tambaya ta ƙarshen ta fi ba mutane nauyin baki, ita ce kuma ta fi rage jinkiri.

Takardar ba ta shafi 'yan dako ba. A watan da wannan ya faru matar ɗaya daga cikinsu ma ta haihu, washegari da safe yana bakin mota yana sauke buhu, domin ranar da bai ɗauka ba babu ko sisi. Abokan aikinsa sukan ware masa kaso daga kuɗin ranar suna, iyakar abin da ke akwai ke nan. Manaja ya kawo shawarar a riƙa cire wani ɗan abu a kan kowane buhu a tara musu, injin ya ɗora kwatankwacinsa. Alhaji ya amince da rabin farko, rabi na biyu ya ce a bari sai an ga ribar kakar rani.